Harajin Gida a Amurka: Lissafin Watanda

A Amurka mutum kan shafe shekara talatin yana biyan bashin da ya ci ya sayi gida. Ranar da ya gama, banki ya sake masa takardunsa, sai ya tarar akwai wata takardar neman kuɗi da ba ta da ranar ƙarewa. Za ta ci gaba da zuwa kowace shekara har ya koma ga Mahaliccinsa, magada su ɗora daga inda ya tsaya. Wannan ita ce takardar harajin gida. Ba daga Washington take zuwa ba, domin gwamnatin tarayyar ƙasar ba ta karɓar haraji a kan gidaje. Daga ofishin ma'ajin gunduma ko na birni ake aiko ta, kuma da kuɗin ake biyan malaman firamare da na sakandare, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da masu gyaran titi da share dusar ƙanƙara. Cikin duk harajin da ƙananan hukumomin Amurka ke tarawa da hannunsu, wajen kashi 70 cikin 100 daga gidaje da filaye da shaguna yake fitowa.

Da yawa daga masu biyan wannan haraji suna zaton hukuma kallon gidan mutum take yi ta yanka masa abin da ta ga dama. A galibin jihohin ƙasar ba haka lissafin yake ba. Ba daga gidan ake farawa ba. Bahaushen da ya taɓa shiga watanda zai riga mai gidan da ke Amurka gane yadda abin yake tafiya.

Kwana biyu ko uku kafin Ƙaramar Sallah, maƙwabta ko abokan aiki ko 'yan majalisa ɗaya sukan haɗa kuɗi su sayi sa. A zaɓi mutum biyu masu ido su tafi kara, ko su wuce kasuwar Wudil idan ranar Juma'a ta dace, su yi ciniki. A kan kuɗin san a ɗora la'adar dillali da kuɗin mota da ladan mahauci. Idan an shirya sayar da fata da kai da ƙafafu, a cire abin da suka kawo. Abin da ya rage shi ne nauyin da ke kan jama'a. Daga nan sai a ƙidaya kashi: wane ya ɗauki kashi ɗaya, wane biyu, Alhaji mai iyali da yawa ya ɗauki huɗu, samari biyu sun haɗu a kan ɗaya. A ce nauyin ya tsaya a naira dubu 900, kashi kuma talatin ne. Kowane kashi ya tashi dubu 30. Mai kashi huɗu ya kawo dubu 120, samarin nan kowa ya kawo dubu 15.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya zauna tun farko ya ce kashi dubu 30 ne. Kuɗin san da yawan kashi su suka haifar da wannan adadi. Da an sayi san da ya fi wannan tsada, kashi zai tashi. Da mutane sun ƙaru, zai sauka.

Haka harajin gida yake. Kowace shekara majalisar birni tana tsara kasafin kuɗinta, hukumar gunduma ta tsara nata, hukumar makarantun yankin, wadda ita ma zaɓaɓɓiya ce mai cin gashin kanta, ta tsara nata. A wasu wurare akwai hukumar ɗakunan karatu da ta wuraren shaƙatawa da ta magudanan ruwa, kowace da ikon neman rabonta. Kowace hukuma takan cire abin da take sa ran samu daga wasu hanyoyi, kamar tallafin gwamnatin jiha da na tarayya da kuɗin lasisi da tara. Waɗannan su ne fata da kai da ƙafafu. Giɓin da ya rage shi ne kuɗin san. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wani jami'i da aikinsa kawai shi ne ƙiyasta darajar kowane gida da fili da shago da masana'anta a yankin, ya rubuta a rajista. Darajar gidanka ita ce yawan kashinka. Sai a raba kuɗin san da jimillar darajar gine-ginen garin, abin da ya fito shi ne farashin kashi, wanda sukan faɗa da cewa dala kaza ce a kan kowace dala dubu ta darajar gida. Ma'aji ya haɗa rabon dukan hukumomin a takarda ɗaya ya aiko. A wurare da yawa, rabon makarantu ne ya fi kowanne girma a takardar.

Mu ɗauki wani gari na misali. Hukumominsa suna buƙatar dala miliyan 10 daga harajin gida. Duka gine-ginen garin an ƙiyasta su a kan dala miliyan 500. Farashin kashi ya zama dala 20 a kan kowace dubu, wato kashi 2 cikin 100. Mai gidan dala dubu 200 zai biya dala 4,000 a shekara.

Shekara ta zagayo, gidaje sun yi tsada, an sake ƙiyasi, darajar kowane gida ta ƙaru da rubu'i. Mutumin nan ya buɗe wasiƙa ya ga an ce gidansa yanzu dala dubu 250 ne, hankalinsa ya tashi. Amma jimillar garin ma ta koma miliyan 625. Idan hukumomi ba su ƙara komai a kan miliyan 10 ɗin da suke nema ba, farashin kashi zai sauka zuwa dala 16 a kan dubu, shi kuma ya sake biyan dala 4,000 ɗinsa, ba ƙari ba ragi. San bai ƙara tsada ba, an dai yanka kashin ƙanana, kowa ya samu ƙarin adadi daidai da na maƙwabcinsa.

Inda abin ke canzawa shi ne idan gidaje ba su tashi tare ba. A ce jimillar garin ta kai miliyan 625 ɗin, amma gidan mutumin nan yana unguwar da masu kuɗi suka fara rububi, darajarsa ta kai dubu 300. Zai biya dala 4,800. Wani kuma da ke unguwar da ba a yayinta, wanda gidansa ya tashi daga dubu 200 zuwa dubu 220 kacal, harajinsa zai sauka zuwa dala 3,520, alhali shi ma gidansa ya ƙara daraja. Saboda haka tambayar da ta dace mai gida ya yi ba ita ce ko gidansa ya tashi ba. Tambayar ita ce ko ya fi na sauran mutane tashi.

Akwai kuma dabarar da 'yan siyasa suka ƙware a kai. Gidaje sun tashi da rubu'i, sai majalisa ta bar farashin kashi a dala 20 yadda yake, ta fito ta shaida wa jama'a cewa bana ba ta ƙara haraji ba. A takarda gaskiya ta faɗa. A aljihu kuwa ta tara miliyan 12 da rabi maimakon 10. An sayo sa mai tsada ba tare da an shawarci masu biya ba, an fake da cewa farashin kashi yana nan. Jihar Utah ta toshe wannan ƙofa tun 1985. Dokarta ta ce idan darajar gine-ginen da ke akwai ta tashi, farashin kashi zai sauka da kansa yadda hukuma za ta samu daidai abin da ta samu bara, ban da na sababbin gine-gine. Hukumar da ke son ƙari sai ta shelanta, ta aika wa masu gida sanarwa, ta kira taron jin ra'ayin jama'a, ta kare buƙatarta ido da ido. Dokar ba ta hana ƙarin haraji ba. Ta hana a yi shi a ɓoye.

Duk wanda ya san watanda ya san rigima ba kasafai take tashi a kan kuɗin sa ba, tunda kowa ya ji cinikin. A wajen kasafta nama take tashi: wannan tulin ya fi tsoka, wancan duk ƙashi ne, hanta ba ta zagaya ba. Shi ya sa ake neman mutum mai amana ya tsaya a kan rabon, wasu ma sukan sa yaro ya juya baya ya riƙa kiran suna don kada a ce an yi son kai. A harajin gida, wannan matsayi na mai ƙiyasi ne, kuma a gundumomi da yawa zaɓensa ake yi da ƙuri'a.

Aikinsa ba shiga gida-gida ba ne kowace shekara. Yana duba kuɗin da aka sayar da gidaje makamantan naka a kusa da kai cikin 'yan shekarun nan, da faɗin filin, da girman ginin, da shekarunsa, da yawan ɗakuna, ya zuba a kwamfuta ta fitar da ƙiyasin dubban gidaje a lokaci guda. Yawan sabunta rajistar ya danganta da wuri. Gundumar Cook, inda birnin Shikago yake, tana sake ƙiyasi duk bayan shekara uku. Gundumar Sussex ta jihar Delaware kuwa ta yi ta aiki da ƙiyasin 1974 har sai da kotu ta yanke hukunci a 2020 cewa tsofaffin ƙiyasin gundumomin jihar sun saɓa wa doka. Rajistar da ta tsufa zalunci ce marar hayaniya: unguwar da ta bunƙasa tana biyan kuɗin zamanin da take ƙauye, wadda ta lalace tana biyan na zamanin da take tashe.

Sabunta ƙiyasi a kan kari ma ba ya tabbatar da adalci. A 2017 jaridar Chicago Tribune ta buga wani dogon bincike da ya nuna cewa ofishin ƙiyasi na gundumar Cook ya daɗe yana kumbura darajar gidajen talakawa, yana rage ta manyan gidaje. Tunda kuɗin san ɗaya ne, duk abin da aka sauke wa mai babban gida a wuyan mai ƙaramin gida yake sauka. Hanyar ƙorafi da aka tanada ma ta ƙara dagula lamarin, domin masu hali su ke da lauyoyin da suka san ƙofofin ofis, su suka fi shigar da ƙorafi, su suka fi samun ragi. A zaɓen fid da gwani na 2018 masu ƙuri'a suka kayar da mai riƙe da ofishin, Joseph Berrios, suka ɗora Fritz Kaegi.

Na birnin Detroit ya fi muni. Kundin tsarin mulkin jihar Michigan ya hana a ƙiyasta gida sama da rabin abin da zai yi a kasuwa. Bayan rugujewar kasuwar gidaje ta 2008, farashin gidajen Detroit ya faɗi warwas, amma rajistar birnin ba ta bi shi ƙasa da sauri ba. Jaridar Detroit News ta lissafa a 2020 cewa tsakanin 2010 da 2016 an caji masu gida aƙalla dala miliyan 600 fiye da abin da ya kamata. Binciken Farfesa Bernadette Atuahene ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2015 an ƙwace kusan gida ko fili ɗaya cikin kowane huɗu a birnin saboda bashin haraji. Mutane sun rasa muhalli a kan kashin da ba nasu ba.

Saboda irin wannan ne wasiƙar ƙiyasi ta fi takardar neman kuɗi muhimmanci ga mai gida, ko da yake ita ba ta neman ko sisi. Ita ke fara zuwa, kuma daga ranar da ta zo akwai 'yan makonni da doka ta ba mutum ya yi ƙorafi. Ba a sauraron wanda ya je yana cewa haraji ya yi yawa. Wannan maganar ta zauren majalisa ce lokacin kasafi. Wanda ake saurara shi ne mai cewa an rubuta masa ɗaki huɗu alhali uku ne, ko ga gidaje uku irin nasa a layinsu an sayar da su ƙasa da abin da aka ɗora masa. Rajistar a buɗe take, a mafi yawan gundumomi tana intanet, kowa na iya ganin ƙiyasin gidan maƙwabcinsa da abin da ya biya. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya jira baɗi.

A watanda akan ware wani abu a kai wa liman, ko marayun gidan wane, ko tsohuwar da ba ta da mai yi mata. Ba wanda ke jin zafin wannan, amma kowa ya san naman ba daga sama ya faɗo ba, daga kashin masu biya aka tsakura. Harajin gida ma yana da waɗanda aka ɗauke wa. Coci da masallaci da wurin ibadar Yahudawa, makarantu da jami'o'i da asibitocin da ba na neman riba ba, da gine-ginen gwamnati, duk ba sa biya. Jihohi da yawa suna yafe wani ɓangare na darajar gidan da mutum yake zaune a ciki da kansa, suna kuma sassauta wa tsofaffi da naƙasassu da tsofaffin sojoji. Kowane sassauci yana da hujjarsa, kuma kowanne yana rage yawan kashi, farashin ragowar ya tashi. A Boston, birnin jami'o'i da manyan asibitoci da ofisoshin gwamnati, kusan rabin ƙasar birnin ba ta cikin haraji. Shi ya sa hukumar birnin take roƙon manyan cibiyoyin nan su riƙa ba da wani abu na ganin dama, tunda idan gobara ta tashi a jami'a, motar kwana-kwanan da masu gida suka saya ce za ta je.

Wannan haraji yana cikin waɗanda suka fi baƙin jini a Amurka, kuma dalilin a fili yake. Harajin albashi ana cire shi kafin kuɗi su shigo hannu. Harajin saye kaɗan-kaɗan ake biyansa a wurin sayen kaya. Na gida kuwa a dunƙule yake zuwa, da sunanka a kai. Wanda ke biyan bashin gida bai cika jin zafin ba, domin banki yana haɗa kason haraji cikin biyan wata-wata ya ajiye, lokaci ya yi ya biya a madadinsa. Wanda ya gama biyan bashi, wanda sau da yawa tsoho ne ɗan fansho, shi ke ganin adadin gaba ɗaya. Kuma harajin ba ya tambayar abin da ke aljihu. Gidan da malamin makaranta ya saya da araha shekara arba'in da suka wuce zai iya zama na miliyoyi yau, fanshonsa kuwa yana nan inda yake. Ba a yankar ɓangaren gida a kai wa ma'aji.

Wannan damuwa ce ta haifar da boren masu biyan haraji a Kalifoniya. A shekarun 1970 farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo a jihar, takardun haraji suka bi shi. A watan Yunin 1978, bisa jagorancin Howard Jarvis da Paul Gann, kusan kashi biyu bisa uku na masu ƙuri'a suka amince da Ƙuduri na 13. Ya ƙayyade haraji a kashi 1 cikin 100 na darajar gida, ya mayar da ƙiyasi zuwa na 1975, ya hana a ƙara shi fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara har sai gidan ya canza hannu. Kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga harajin gida ya faɗi da fiye da rabi a shekarar farko, gwamnatin jiha ta ɗauki kaso mai yawa na nauyin makarantu, iko ma ya bi kuɗin zuwa babban birnin jiha.

Tsofaffi sun samu kwanciyar hankali, amma ga abin da ya biyo baya. Tunda sai an sayar da gida ake sake ƙiyasta shi a farashin kasuwa, gidaje biyu iri ɗaya, katanga ɗaya, sai ka ga ɗaya yana biyan ninkin-ba-ninkin ɗaya. Wata mata mai suna Stephanie Nordlinger ta sayi gida a Los Angeles a 1988, ta tarar harajinta ya kai kusan ninki biyar na maƙwabtan da suka mallaki nasu tun 1975. Ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, a 1992 kotun ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Wato watanda ce da tsofaffin 'yan ƙungiya ke biyan farashin shekarar da suka shiga, sabon shiga ya biya na yau, nama kuma iri ɗaya. Matasa da baƙi ne ke ɗaukar nauyin, wanda ya daɗe a gidansa kuma yakan ji tsoron sauya gida ko da ya yi masa girma, don kada ya koma sabon shiga.

Jihar Massachusetts ta bi wata hanya a 1980. Maimakon ta daskarar da ƙiyasin kowane gida, sai ta ɗaure jimillar: abin da gari zai tara daga harajin gida ba zai ƙaru da fiye da kashi 2 da rabi cikin 100 a shekara ba, ban da na sababbin gine-gine, sai idan mutanen garin sun kaɗa ƙuri'a sun yarda a wuce haka. Ita kuɗin san ta sa wa linzami, ta bar ƙidayar kashi tana bin gaskiyar kasuwa. Wannan ya fi kusa da adalci, ko da yake a shekarar da tsadar kaya ta wuce kashi 2 da rabi, garuruwa kan shiga matsi.

Akwai wurare biyu da watanda ba ta kai mu. Na farko, a watanda gwargwadon kuɗinka gwargwadon namanka. A haraji ba haka ba ne. Attajirin da ba shi da ɗa a makarantar gwamnati yana biyan ninki goma na abin da mai 'ya'ya biyar ke biya, kuma haka aka nufa. Amma wannan taimakekeniya a iyakar yanki take tsayawa. Yankin da ke da manyan gidaje da kamfanoni yana iya sa farashi kaɗan ya tara kuɗi mai yawa. Yankin talakawa ya sa farashi mai tsanani ya tara kaɗan. Yaran wancan su samu ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararrun malamai, na wannan su samu rufi mai yoyo. Iyayen yara a San Antonio ta jihar Texas sun kai wannan magana Kotun Ƙoli, a 1973 alƙalai biyar cikin tara suka ce kundin tarayya bai hana ba. Tun daga nan fafutukar ta koma kotunan jihohi, kuma jihohi da dama sun ƙara tallafi ga yankunan da ba su da ƙarfi, amma har yau adireshin yaro yana da tasiri a kan irin makarantar da zai samu.

Na biyu, watanda ganin dama ce. Wanda bana ba shi da hali sai ya ce a cire sunansa, ya sayi kaza. Haraji ba a fita. Ɗan haya ma da ke ganin ba ruwansa yana biya, a cikin kuɗin hayar da mai gida ya yanka masa. Wanda ya ƙi biya kuwa, bashin a kan gidan yake hawa, ruwa da tara su taru, bayan 'yan shekaru hukuma ta yi gwanjon bashin ko gidan kansa. Wata tsohuwa a Minneapolis, Geraldine Tyler, ta bar harajin kusan dala 2,300 a kan ɗan gidanta, ruwa da tara suka kai shi kusan dubu 15. Gundumar Hennepin ta ƙwace gidan ta sayar dala dubu 40, ta riƙe kuɗin duka. A 2023, tana da shekara 94, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce hukuma tana da ikon karɓar bashinta, amma rarar da ta haura ta mai gida ce.

Da duk wannan, masana tattalin arziki da yawa suna ganin harajin gida yana cikin mafi ingancin haraji. Gida ba ya ƙaura, ba a ɓoye shi a asusun ƙasar waje, kuma abin da ake yi da kuɗin yana komawa ya ƙara wa gidan daraja: titi mai kyau da makaranta mai kyau su ke sa a yi rububin unguwa. Nauyinsa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A New Jersey da Illinois yakan kai kusan kashi 2 cikin 100 na darajar gida a shekara, a Hawaii bai kai rabin kashi 1 ba. Texas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, don haka gidaje ke ɗaukar nauyi mai yawa.

A Najeriya ma irin wannan haraji yana cikin doka. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa ƙiyasta gidajen mutane domin karɓar haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi, bisa abin da majalisar jiha ta tsara. Ga kuma kuɗin ƙasa da mai takardar mallaka ke biyan gwamnatin jiha, tunda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Legas ta haɗe waɗannan da wani harajin raya unguwa suka zama caji ɗaya a 2001. Da gwamnatin Gwamna Ambode ta sake dokar a 2018 kuɗin suka yi tsalle, jama'a suka yi ca, aka rage, aka kuma sake dokar a 2020. A Arewa kuwa kalmar haraji tana da tabo. Tsofaffi ba su manta da harajin kai da jangali da wulaƙancin da ke biye da su ba, shi ya sa har yau ake yaba wa Abubakar Rimi da Balarabe Musa da suka soke su a Kano da Kaduna bayan hawansu mulki a 1979.

Sai dai rashin takardar haraji bai sa mai gida a Kano ko Kaduna ko Zariya ya huta ba. Shi ke haƙa rijiyar burtsatsensa, shi ke biyan 'yan sintiri, shi ke ba mai kura kuɗin kwashe shara, shi ke karo-karon gyaran taransifoma da yashe kwata, shi ke biyan makarantar kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 kuma galibinsu idonsu na kan kason da ke zuwa daga Abuja, kuma shugaban da ba daga aljihun mutanen garinsa yake samun kuɗi ba, ba shi da dalilin jin tsoronsu. Jihohi irin su Kaduna da Kano sun kafa hukumomin rajistar filaye ta kwamfuta, abin da ke nuna cewa takardar neman kuɗi tana tafe, ko ba jima ko ba daɗe.

Idan ta zo, gardamar a biya ko kada a biya ba za ta kai mu ko'ina ba. Abin da ya kamata masu gida su tsaya a kai shi ne jerin yadda abubuwa za su biyo juna. Hukuma ta fara faɗin aikin da za ta yi da kuɗin da zai ci, a zauren da kowa zai iya shiga ya yi tambaya. Sannan ta buɗe rajista, mai gidan ƙasa a lungu ya ga abin da aka rubuta wa mai bene a GRA, kwamishina da ɗan majalisa su ma sunansu ya fito. Sannan a tanadi inda mutum zai kai ƙorafi ba tare da ya ɗauki lauya ba, a kuma sassauta wa tsoho da gwauruwa da marayun da gida kaɗai suka gada. Bayan an yi waɗannan ne ma'aji yake da bakin aiko takarda. Hukumar da ta fara da takarda, ta ce sauran za su biyo baya, masu gida suna da hujjar tambayarta inda kuɗin bara suka shiga kafin su sa hannu a aljihu.